Nagode Mai Tsire da Jakin Bayan Jarida

Ku yi shiru, ku gyara zama, mai hula ya dafe hularsa. Ga Nagode ɗan mutanen Tsibiri, sarkin tukubar bakin tashar Mafara, garkuwan ƙuli da yaji, wanda hayaƙinsa ke tarbar direba tun daga Lambar Bakura. Ga shaihin malamin jarida da bai taɓa zama aji ba, mai digiri uku a kan jaki guda ɗaya. Shekara hamsin da 'yan kai, haƙorin gaba ɗaya ya riga shi yin ritaya, hular kuwa tun da aka ɗinka ta ba ta taɓa zama daidai a kansa ba. In ka gan shi a hanya ko sannu ba lallai ka yi masa ba. To saurara ka ji.

Sana'ar tsire ƙafa uku gare ta, kamar murhu: nama, wuta, takarda. Takardar nan tsohuwar jarida ce da ake kawowa dami-dami daga birni a sayar a kan sikeli, wani lokaci ta wata uku baya, wani lokaci ta bara. Mai tsire ya zaro shafi, ya ninka, ya sake ninkawa, ya bi da wuƙa. Shafi ɗaya, ƙunshi huɗu. Ko hoton babban mutum ne a jiki ko na ɗan ƙwallo, yaji ɗaya ake barbaɗa musu. Haka Nagode ya yi shekara talatin yana yanka labarin duniya huɗu-huɗu, bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba.

Yana da ɗan fari, Mas'ud. Ku riƙe sunan nan da kyau, don a gidan Nagode ba za ku ji shi ba. Uwarsa Zainab mace ce mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, in za ta ba shi tuwo sai ta tura kwano ta ce, "A ba wancan." Shi ma uban "kai" kawai yake ce masa. Mas'ud kuwa Allah ya zuba masa baiwa a yatsu. Da gawayin tukuba ya fara, a bangon gida, ya zana jakin da suka baro a Tsibiri mai yagaggen kunnen hagu, har maƙwabta na cewa saura ya yi kuka. Da ya gama sakandare sai ya share shekara biyu yana zane a kan wata farar takarda mai kauri, yana tarawa a ƙarƙashin katifa, wai zai kai wata makaranta a Zariya a duba a ɗauke shi.

Wata Talata, kasuwa ta cika ta batse, sallah saura kwana uku, takarda ta ƙare wa Nagode tun kafin azahar. Ga mutane sun yi layi, ga nama ya yi, ga babu abin ƙunshi. Ya ruga gida neman ko da tsohon littafin makaranta ne, ya ɗaga katifa, ya ga takarda jibge, fara sol, irin wadda mai ba ya huda ta. Ya ce alhamdu lillahi. Kafin la'asar ya ƙunshe shekara biyun nan kaf.

Mas'ud ya tsinci takardar da ya zana fuskar uwarsa a jiki, yashe a ƙasa a bakin tasha, rabi kawai, ta sha mai, akuya na cin gefen mayafin. Ya ɗauko ya zo gaban tukuba ya tsaya. Nagode yana juya tsinke, ya ɗago ya dube shi ya ce, "To, ba takarda ce ba?"

Da gari ya waye babu Mas'ud. Babu sallama, babu waya, babu wanda ya ce ya gan shi. Zainab ba ta tambaya ba, kunya ta hana. Sai dai kullum kwanon tuwo ɗaya yakan yi saura, ta rufe shi da faifai har safe.

A shekara ta biyar, wata safiya, Nagode ya ninka shafin baya na wata jaridar Turanci da ake bugawa kullum, ya ɗora wuƙa, sai hannunsa ya tsaya. A ƙasan shafin akwai zanen barkwanci ɗan siriri, gida huɗu a jere kamar ramukan dara. Wani mutum ne da jakinsa. Jakin kunnensa na hagu a yage. Mutumin hula a karkace, giɓi a gaba. A kusurwar gida na huɗu, inda mai zane ke sa hannu, babu suna, sai ɗan tsinken tsire da yanka uku a jiki.

Nagode ya zauna a ƙasa daɓas. Ranar nama ya ƙone.

Tun daga nan bai sake ɗora wuƙa a shafin baya ba. Ya sayi almakashi. Duk damin da ya zo sai ya bi shi shafi-shafi ya ciro zanen, ya adana a cikin wani babban gwangwanin madara da ke ƙarƙashin teburinsa. Bayan la'asar kuwa majalisa ta kafu a gefen tukuba. Akwai Malam Ma'aruf, tsohon malamin firamare, shi ke fassara 'yan kalmomin da ke ciki, shi ne ma ya ce sunan abin Jatau Mai Jaki. Akwai Gajere direban Kaduna, wanda sai ya taka filo biyu yake hango titi. Sauran kuwa masu sayen na ɗari su ci labarin dubu.

Labarin shi ne: Jatau ya yanka akumarin jakinsa ya toshe yoyon ɗaki, jaki ya ji haushi ya tsinke igiya ya shiga birni. Tun daga nan kullum ana nuna shi can. Yau ya zama kwandasta, gobe yana layin banki, jibi an kama shi ba shi da katin shaida. Jatau kuwa yana gida zaune gaban turke, igiya a hannu. Matsalar ita ce jaridun ba a jere suke zuwa ba, na watan azumi na iya riga na Rajab isowa, sai gardama ta kaure.

"Wanga ya riga wancan," in ji Gajere. "Dubi cikin jakin, nan a ƙoshe yake."

"Kai da lissafin ciki," in ji Malam Ma'aruf. "Ga kwanan wata nan a sama."

"Malam, kwanan wata na gwamnati ne. Ciki ba ya ƙarya."

Kowa ya yi ta dariya ban da Nagode. Shi haƙarƙarin jakin yake ƙirgawa. Yana duba ko a ƙarƙashin gada ya kwana, ko ruwa ya taɓa shi, ko akwai wani a kusa da shi da ya yi kama da aboki. Duk majalisar an san jakin wane ne, amma ba mai faɗa. Sau ɗaya Malam Ma'aruf ya gwada.

"Nagode, jaridar nan tana da adireshi, tana da lambar waya. In rubuta musu?"

"A ce mi? Uba na cigiyar ɗa? Ni dai jaki nika kallo, Malam."

A ƙarshen daminar shekara ta bakwai Zainab ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, likita ya ce zuciya ce, a mayar da ita gida a lallaɓa. Wata safiya Nagode ya shiga duba ta, tana kwance ta fuskanci bango, sai ya ji ta ce, "Malam, ina Mas'ud?"

Shekara ashirin da bakwai sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Nagode ya san irin su Zainab ba sa ajiye kunya sai sun hango hanyar lahira.

Ko takalmi bai tsaya nema ba ya isa gidan Malam Ma'aruf. "Malam, lambar nan. Kira ta."

Malam ya ɗaga wayarsa ya nuna masa. Lokacin nan ne aka rufe layukan waya a jihar saboda 'yan bindiga, duk wayar da ke Mafara ta koma tocila. An hana cin kasuwannin mako, mai kawo damin jarida ya daina zuwa. Shekara biyu lambar tana gabansa ya ƙi, yau da yake so babu.

Malam ya zauna ya rubuta wasiƙa shafi biyu da Turancin da ya fi ƙarfin kowa a unguwar. Da ya gama sai ya tsaya da biro a sama. Zuwa ga wa? Ga mai tsinke? Ya ce gaskiya irin wannan wasiƙa kwandon shara take ƙarewa. Nagode ya ce, "Da zane ya yi mini magana. Ba ni farar takarda."

Ya zaro gawayi daga tukuba, ya ja gida huɗu. Mutumin da bai taɓa riƙe fensir ba ya share yini guda yana gumi. Gida na ɗaya, mace a kwance, kwano a gefenta rufe da faifai. Na biyu, turke da igiya ba kowa. Na uku, mai karkatacciyar hula ya ɗora hannu biyu a ka. Na huɗu, mai hular nan ya durƙusa a gaban wata halitta mai ƙafa huɗu.

Gajere ya leƙa. "Wanga kare ne ko benci?"

"Jaki ne."

"To Allah shi sa jakin ya gane kansa."

Malam Ma'aruf bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon gida na huɗu. "Nagode, uba a durƙushe? Ka tabbata?"

"Kai dai bar shi hakanan."

Gajere ya kai hannu zai ninka ya sa aljihu, Nagode ya daka masa tsawar da ta tayar da tantabarun tasha. Tsakanin kwali biyu aka sa takardar, aka ɗaure da zare. Gajere ya kai ta Kaduna, ya damƙa wa mai gadin ofishin jaridar tare da ƙunshin kilishi don kada ya manta. A hanyar dawowa motarsa ta buga inji, aka jawo ta da igiya, ta zauna a gareji tana jiran sa'a.

In akwai amsa, a bayan jarida za ta fito. Amma jaridar jiya ake nema yanzu, ba ta bara ba, ga Gajere a ƙasa. Nagode ya koma maroƙin direbobi. Duk motar da za ta fita sai ya bi ta da gudu yana kwatance: ta Turanci, mai jaki a baya. Wani ya manta. Wani ya kawo ta wasanni. Wani ya kawo ta gaskiyar, amma ya goge gilashin mota da shafin baya a hanya. Kullum ya koma gida Zainab ta ce, "An ji?" Ba ta sake kiran sunan ba. Muryar ma kullum raguwa take.

Aka ce masa a Bakura akwai wani tsohon magatakardan kotu, Alhaji Sulaiman, da ɗansa ke aiko masa da jarida. Ya tafi. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa, mutanen gidan sun koma Sakkwato. Ya zagaya ya leƙa ta tagar zaure, ga jaridu can jibge a kan tebur. Ya samo dogon kara ya zura ta tsakanin ƙarafuna yana jawowa, har ya kusa, sai ya ji an cafki wuyan rigarsa. Maƙwabta sun taru da sanduna. Lokacin kowa a tsorace yake da baƙo.

"Mi kaka sata?"

"Jaki."

"Ina jakin?"

"Cikin jarida."

Wani tsoho ya ce a sake shi, wannan ba ɓarawo ba ne, jarrabawa ce ta Ubangiji. Ya ƙara da cewa Alhaji ya fi wata biyu da tashi, duk abin da ke kan teburin nan tsoho ne. Amma in jarida yake so ya gwada Maradun, akwai wani ofis da motarsu ke kawo musu, masinja yana sayar wa wata mai ƙosai.

Malam Ma'aruf ya ce kada ya je, hanyar ba ta da tabbas, mutane sallama suke yi da iyali kafin su hau ta. Nagode ya ce shi ma sallamar ce yake gudu. Ya hau bayan akori-kura da sassafe, tsakanin buhunan gero, ba mai magana a motar sai salati. Ya isa da hantsi ya tarar da mai ƙosan, Khairiyya, tana kwashe kaskon ƙarshe.

Su masu ƙosai ba su da tsari irin na masu tsire, da hannu suke yage takarda, yadda ta zo. Nagode ya dubi kwandon guntayen, ya durƙusa.

"Ɗiyata, don Allah bari in duba takardunki."

"Baba, ƙosai nika saidawa."

"Na sani. Zan saye wanda ya rage duka. Ki dai bar ni in duba."

Ta matsa gefe tana kallonsa kamar mai shirin gudu. Ya zazzage kwandon a kan tabarma, ya bi guntu-guntu. Ga kunne. Ya ajiye. Ga wutsiya. Ya ajiye. Ya jera, ya juya, ya sake jerawa, har gida uku suka haɗu.

A na ɗaya, jaki a birni, mai gadi yana miƙa masa takarda tsakanin kwali biyu. A na biyu, takardar ce a buɗe, zanen Nagode da kansa, an kwaikwaye shi layi-layi, har da karen nan mai kama da benci. A na uku, jaki a mararraba, kunne ɗaya a sama, yagaggen a ƙasa.

"Ina sauran? Akwai guntu ɗaya, na nan gefen."

Khairiyya ta duba ƙarƙashin kujera, ta duba zaninta. "Ina jin shi na ƙunsa ma wani mai babur ɗazu. Janbako ya nufa."

Nagode ya miƙe yana tambayar ina ake hawan motar Janbako. Ta ce, "Baba, ko ka cim masa ya riga ya goge hannu da ita ya yar."

Ya san gaskiya ta faɗa. Shekara talatin yana ganin inda takarda ke ƙarewa.

Da la'asar aka shimfiɗa gida ukun a teburin tsire. Malam Ma'aruf ya samo kwanan wata a gefen guntu ɗaya, ya ce ta kwana tara da fita. Wani ya ce kunnen da ke sama gida yake nunawa. Wani ya ce a'a, ƙafar gaba birni ta kalla. Gajere ya ce, "Kaduna zuwa nan ai yini guda ne. In da zai taho, kwana tara..." Malam ya taka masa ƙafa.

Nagode ya tattara ya kai wa Zainab. Ya jera mata a kan faifai ya ɗaga labule haske ya shigo. Ta daɗe tana kallon jakin a mararraba.

"Ya rame," in ji ta. Can kuma ta ce, "A share ɗakin waje."

Aka share. Kwana ɗaya, biyu, huɗu. Ƙura ta sake sauka, aka sake sharewa. Zainab ta daina cewa an ji.

Tukuba kuwa dole a hura, ko don kuɗin magani. Ɗan akuya guda yake samu ya yanka, takarda kuma ta ƙare kaf a garin, kowa da kwanonsa yake zuwa. A rana ta biyar, gab da magariba, Nagode na sunkuye hayaƙi ya cika masa ido, wani mai jaka a kafaɗa da takunkumi a fuska ya tsaya a gabansa.

"A ba ni na ɗari biyar."

"Kawo kwano. Babu takarda."

"Ga takarda can cike da gwangwani ƙarƙashin tebur."

"Wagga ba ta ƙunshi ba ce."

"Ko guda ɗaya? Ni baƙo ne, ba ni da kwano."

"Ko gwamna ne kai. Ka ci nan tsaye ko ka wuce."

Mutumin ya ce, "To, ba takarda ce ba?"

Wuƙa ta faɗi daga hannun Nagode. Ya ɗago. Duk durƙuson da ya zana da gawayi, da abin ya zo, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, bakin ma ya ƙi. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"Wuce gida. Ana nemanka."

Ya bar wa Gajere tukuba, abin da bai taɓa yi ba, kuma ya yi nadamarsa, don rabin akuyar nan ba a san inda ta shiga ba. Da Mas'ud ya yi sallama a ƙofar ɗaki, Zainab ta juya fuska bango ta ce, "A ba wancan tuwo." Amma da ya zauna a bakin gado, hannunta ya lalubo gefen rigarsa ya riƙe, har tuwon ya huce ba ta saki ba. Ta ƙara kwana goma sha shida a duniya. Shi ya ɗauki gaban makara.

Bayan addu'ar bakwai Gajere ya kasa haƙuri, ya tare Mas'ud a majalisa. "Don Allah ɗan'uwa, raba mu da gardama. Mi ke cikin gida na huɗu?"

Mas'ud ya sosa ƙeya. "Jakin ya cinye takardar ne ya koma cikin gari."

"Ya koma ina?"

"Birni. Mai jarida ya ce in jaki ya dawo gida labari ya ƙare, aikina ma ya ƙare. Ni kaina a lokacin ban gama yanke shawara ba."

Kowa ya tuna wanda ya so bin guntun nan har Janbako, da inda zai kai shi in ya samo. Malam Ma'aruf ya ce, "Allah ya yi wa mai babur ɗin nan albarka, ya ƙara masa ƙosai."

Mas'ud ya koma bakin aikinsa. Yanzu duk mako Gajere na kawo jaridu bakwai a jere, sababbi, ba a ninke ba. Jakin har yau yana birni, kwanan nan ma ya tsaya takarar kansila. Gwangwani ya zama uku. Nagode ya fara dariya a majalisa, ko da yake yana ƙorafin an ƙara wa Jatau faɗin giɓi, kuma in an zana jaki a rame ranar ba ya cin abincin kirki.

Da na gama rubuta wannan tarihi na kai masa har tukuba, na tsaya na karanta masa tun daga sarkin tukuba har makara, ina jiran ko hawaye ko tsinke biyu na kyauta. Ya saurara yana barbaɗa ƙuli. Da na kai aya ya karɓi takardun, ya juya gaba, ya juya baya, ya murza gefe da yatsa.

"Babu zane ciki ko? To bar mini su nan, gobe Talata."